Yadda Ake Kula da Sabon Shinge Mai Rai a Lambu da Gona

Duk mai lambu a karkara ya san wahalar shinge. Da zarar an kawar da amfanin damina aka saki dabbobi, sai mai albasa ko tumatir ko latas ya shiga neman ƙaya da kara domin ya kewaye wurinsa. Shingen ƙaya da darnin kara kuwa ba su cika wuce shekara ɗaya ko biyu ba: gara ta ci, iska ta kwantar, wani lokaci ma a zare su a kai murhu. Baɗi kuma sai a sake komawa daji a sare magarya da farar ƙaya, ga shi dajin yana ƙara nisa kowace shekara. Wannan ne ya sa malaman gona da ma'aikatan gandun daji suka daɗe suna jan hankalin jama'a ga shinge mai rai, wato jerin ƙananan itatuwa da ake dasawa kusa da kusa, su sarƙe da juna har su hana dabba shiga.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni ana kafa aguwa da dashi da bini-da-zugu a iyakar gona da gefen burtali, ana kuma zagaye gidaje da aduruku da lalle. Abin da ake yawan mantawa da shi shi ne, a shekara biyun farko sabon shinge ba ya kare komai. Shi ne ma yake bukatar a kare shi. Wanda ya dasa a watan Yuli ya juya baya, yana jiran ya dawo ya tarar da katanga, abin da zai tarar a watan Mayu shi ne busassun sanduna da giɓi a ko'ina. Wannan bayani ya shafi aikin da ke gaban mai shinge daga ranar dashe har zuwa lokacin da shingen zai tsaya da ƙafarsa.

A san abin da aka dasa

Kulawa ta danganta da irin itacen, domin itatuwan shinge kashi biyu ne. Kashi na farko su ne waɗanda ake sarar reshensu a kafa a ƙasa, kamar aguwa da dashi da bini-da-zugu da aduruku. Aguwa da dashi suna riƙe ruwa a jikinsu, saboda haka a ƙarshen bazara ake kafa su, kafin ruwa ya zauna, bayan an bar bakin sarar ya sha iska na 'yan kwanaki a inuwa. Babban maƙiyinsu a farko shi ne yawan laima. In aka kafa su a tsakiyar marka, ko aka yi ta kwarara musu ruwa da sunan tausayi, gindin ne zai ruɓe. Abin da suke bukata shi ne a binne aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tsawon reshen, a tattake ƙasar gindin sosai, kada iska ko dabba ta girgiza shi kafin ya fitar da saiwa.

Kashi na biyu su ne waɗanda ake raino a leda daga iri, kamar bagaruwa da magarya da jirga da dakwara. Waɗannan sai ruwa ya zauna ake dasa su, daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli a yawancin wurare, domin su sami wata biyu zuwa uku na damina su tura saiwa ƙasa. Lalle ana samun sa ta hanyoyin biyu, amma ya fi son wuri mai laima, don haka ya fi dacewa da lambun fadama. Zogale kuwa, duk da amfaninsa a tukunya, ba ya tare akuya, hasali ma kiran ta yake yi. Mai son zogale ya jera shi daga ciki, bayan layin ƙaya. Darbejiya itace ne mai kyau na inuwa da tare iska a babban fili, amma a ƙaramin lambu inuwarsa da saiwarsa za su cinye rabin wurin.

Yawanci ana dasa layi biyu, tsakanin tsiro da tsiro santimita 30 zuwa 50, a kuma sa tsiron layi na biyu ya faɗa daidai tsakanin biyu na layin farko. Lambu mai mita 25 a kowane gefe yana da kewayen mita 100, wato tsiro 400 ke nan in an bar santimita 50 a layi biyu. Yana da kyau mai lambu ya yi wannan lissafi tun da wuri, domin duk aikin da za a ambata a ƙasa a kan wannan adadi zai hau.

Makonnin farko

Kwana biyu ko uku bayan dashe, a bi layin daga farko zuwa ƙarshe. A duba ko an cire ledar kowane tsiro, domin in aikin gayya ne ko na ɗalibai ba a rasa waɗanda aka binne da ledarsu, kuma saiwar irin wannan tsiro nannaɗewa take yi a ciki, ya tsaya cak ba girma. Wanda ruwan sama ya tone gindinsa a mayar masa da ƙasa, wanda ya kwanta a tayar da shi.

Daga nan sai ciyawa. A damina ciyawa ta fi tsiron itace saurin girma nesa ba kusa ba, kuma cikin mako uku za ta iya rufe shi ta hana shi rana. A riƙa nome faɗin rabin mita a kowane gefen layin, duk lokacin da aka shiga noman gona. Kusa da gindi da hannu ake cirewa, domin fartanya tana sare saiwar da ke sama-sama, tana kuma ji wa ɓawon ciwo. Kirikiri da aya-aya da tofa sai an tono su da saiwarsu, in ba haka ba kwana kaɗan sun dawo.

Ba a taɓa yin dashen da duka ya kama ba. Saboda haka a ajiye tsiro ɗaya cikin kowane goma a inuwa, ana ba shi ruwa, domin cike gurbin waɗanda suka mutu. A yi wannan cike kafin tsakiyar Agusta. Wanda aka dasa a Satumba bai sami damina ba, sai dai ya rayu da ruwan bokiti. In kuma aka bar giɓin sai wata shekara, maƙwabtansa sun riga sun yi girma, za su danne sabon da inuwa. Giɓi ɗaya mai faɗin akuya ya isa ya ɓata amfanin shinge mai mita ɗari, kuma dabba ba ta manta hanyar da ta taɓa bi.

Shinge ma sai da shinge

Muddin amfanin gona yana tsaye, dabbobi suna ɗaure, sabon shinge yana cikin aminci. Hatsarin yana farawa ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da aka saki awaki da tumaki, makiyaya kuma suka shigo cin kara. A lokacin ciyawa ta fara bushewa, ɗanyen tohon bagaruwa ko magarya shi ne kore kaɗai da ya rage a fili, ƙayarsa kuma ba ta yi ƙwarin da za ta hana baki ba. Akuya ɗaya za ta iya aske layi guda a yini.

Don haka wajibi ne a yi wa sabon shinge shingen ƙaya ko darni daga waje, tun kafin a saki dabbobi, a bar tazarar kamar mita ɗaya yadda dabba ba za ta miƙa wuya ta kai ga ganyen ba. Wasu za su ce ai gudun wannan aiki ne ya sa aka dasa mai rai. Gaskiya ne, amma wannan shi ne karo na ƙarshe ko na kusa da ƙarshe da za a yi shi. A gyara shi a rani na biyu, a na uku kuwa rassan da aka datse daga shingen da kansa sun isa toshe duk wata kafa. Aguwa da bini-da-zugu dabbobi ba su cika damuwa da cin su ba, amma shanu da jakuna suna soshe jikinsu da su, su karya ko su tumɓuke waɗanda ba su kama ƙasa ba.

Akwai misali a kusa. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, an fara dasa layukan darbejiya masu tare iska a shekarar 1975, bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970. Cikin abubuwan da suka sa itatuwan suka rayu har da ɗaukar masu gadi da hana dabbobi shiga wurin a shekarun farko. Aikin ya fi shingen lambu girma ƙwarai, amma bakin akuya ɗaya ne a can da nan.

Ranin farko

Wannan shi ne lokacin da ake gane shingen da zai rayu. Daga Oktoba zuwa Mayu wata bakwai ne ko fiye ba ruwan sama. Iskar hunturu tana busar da ganye da saman ƙasa daga Disamba zuwa Fabrairu, sannan zafin bazara ya biyo baya, inda a Afrilu ma'aunin zafi yakan haura 40. Aguwa da dashi ba su bukatar ban ruwa. Za su zubar da ganye su yi kamar sun mutu, kada a tumɓuke su. In ana shakka a ɗan kankare ɓawon da farce, in an ga kore a ciki yana da rai. Bagaruwa da magarya da aka dasa da wuri a ƙasa mai kyau sukan tsallake rani da ɗan taimako kaɗan. Lalle, da duk abin da aka dasa a makare, da wanda ke kan jigawa mai rairayi, su ne sai an tsaya musu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan kullum. Irin wannan ruwa ba ya wuce ɗan yatsa a ƙasa, saiwa kuma inda laima take nan take bi, sai ta taru a sama inda rana ke gasawa. Ranar da aka yi tafiya ko aka yi rashin lafiya aka tsallake ban ruwa, tsiron ya ƙone. Abin da ya fi shi ne a ba da ruwa mai yawa a bar kwanaki tsakani, domin ruwan ya nitse, saiwa ta bi shi ƙasa. A ja ɗan kwari a tsawon layin, a tare shi da 'yar kunya kowane mita biyu ya zama kamar ƙananan fangula, a zuba wa kowane ɗaya bokiti mai lita 10 sau ɗaya a mako lokacin sanyi, sau biyu a bazara, da yamma ko da sassafe. Mai son tabbatarwa ya tona gefe washegari ya ga ko laima ta kai zurfin tafin hannu biyu.

A nan ne lissafin da aka yi a baya zai yi amfani. Shinge mai mita 100 bokiti 50 ke nan a kowane ban ruwa. Mai lambun fadama da ke da injin ban ruwa ba shi da matsala, sai ya ratsa ruwan ta gindin shingen. Amma wanda zai ja da guga daga rijiya, ko ya aiki yara famfo, ya kamata ya auna ƙarfinsa. Gara a dasa gefe ɗaya a shekara, a fara da ɓangaren da dabbobi suka fi shigowa ko na arewa maso gabas inda iskar hunturu ke fitowa, da a zagaye lambun duka a rasa ruwan ba shi. A gida kuwa ruwan alwala da na wanke hatsi da kayan miya duk suna da amfani. Wanda za a guje wa shi ne ruwan wanki mai yawan sabulu da omo. Wata dabara mai kyau ita ce binne tulun ƙasa har wuya a tsakanin tsirrai, a cika shi da ruwa a rufe bakinsa, ruwan ya riƙa tsattsafowa a hankali daidai inda saiwa take.

Lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa yana rage ƙafewar ruwa sosai. Sai dai wannan shimfiɗa tana jawo gara. Maganin shi ne a bar tazarar yatsu huɗu tsakaninta da jikin tsiron, a barbaɗa toka a kewayen gindin, a kuma haɗa da ganyen darbejiya. Gara ta fi kama tsiron da ƙishirwa ta riga ta raunana ko wanda fartanya ta ji wa ciwo. Taki kuma sai wanda ya ruɓe sosai, a farkon damina. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona saiwa, takin zamani a busasshiyar ƙasa ma haka.

Wuta ba ta bukatar dogon bayani. Busasshiyar ƙaya da ciyawar da aka tara a gindin shinge makamashi ne. A share faɗin mita biyu daga waje tun farkon rani, kada a ƙona sharar gona kusa, a kuma ja kunnen yara masu sa wa daji wuta don farautar gafiya.

Datsa

A nan ne mutane da yawa suke jin nauyin hannunsu. Mutum ya sha wahalar raino, tsiro ya kai ƙugu, sai a ce ya sare shi a daidai gwiwa. Amma wanda bai yi haka ba jerin itatuwa zai samu, dogaye masu ganye a sama, ƙasansu kuwa fili ne da akuya za ta ratsa ba tare da ta sunkuya ba. Dalili shi ne, muddin kan itace yana nan, shi ne yake jan ƙarfin girma, yana kuma hana idanun da ke ƙasa tohowa. Da an cire kan, sai idanun nan su farka, reshe uku ko huɗu su fito a madadin ɗaya. In aka sake datse waɗannan, kowanne ya sake rabuwa. Kaurin shinge daga ƙasa yake farawa, kuma abin da aka rasa a shekara biyun farko yana da wuyar gyarawa daga baya.

Datsar farko a farkon damina ta biyu ake yin ta, lokacin da tsiron ya nuna ya kama ƙasa, a tsawon santimita 40 zuwa 50. Kada a datse tsiron da ke fama da ƙishirwa a tsakiyar bazara. Bayan nan, duk sa'ad da sabbin rassa suka ƙaru da kamar kamu ɗaya, a rage rabinsu, har shingen ya kai tsayin da ake so, wanda ga lambu mita ɗaya da rabi ya wadatar. A yi amfani da adda ko wuƙa mai kaifi, a sara a karkace daga ƙasa zuwa sama. Dakusasshen ƙarfe yana farfasa reshe, ruɓa ta shiga. Rassan gefe masu tsawo kada a sare su duka, a lanƙwasa su a saƙa cikin na maƙwabta tun suna da taushi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Magarya da jirga sun fi karɓar wannan saƙa.

Siffar da ake nema ita ce gindi mai faɗi, sama mai ɗan tsini. In sama ta fi faɗi, za ta yi wa rassan ƙasa inuwa, su zubar da ganye su bushe, giɓin da ake gudu ya dawo. Shinge mai wannan tsayi yana kuma rage ƙarfin iska zuwa nisan da ya kai kamar ninki goma na tsayinsa, abin da ke taimakon dashen tumatir da barkono a lokacin hunturu.

A kula da lafiya wajen wannan aiki. Farin ruwan da ke fita daga aguwa da 'yan uwanta irin su tinya yana da haɗari ga ido, in ya shiga a wanke da ruwa mai yawa nan take a je asibiti. 'Ya'yan bini-da-zugu guba ne, kuma yara sukan ci su saboda sun yi kama da gyaɗa. Kada a dasa shi a makarantar firamare ko inda ƙananan yara ke wasa. Rassan ƙaya da aka datse a kwashe su daga hanya.

Daga shekara ta uku saiwar shinge za ta fara shiga fangulan da ke kusa tana shan ruwansu da takinsu. Alamar ita ce layin kayan lambu na bakin shinge ya riƙa tsumburewa. A haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, rabin mita daga gindin ta ɓangaren lambu, a sare saiwoyin da aka tarar, a mayar da ƙasa. Yin haka sau ɗaya a shekara ya isa. A daidai wannan lokaci ne kuma shingen yake fara biyan mai shi: ganyen lalle abin sayarwa ne, 'ya'yan magarya na ci, na bagaruwa kuma majema suna saye.

Iyaka da haƙƙin maƙwabta

Shingen kara ana iya matsar da shi, mai rai kuwa in ya kafu ya zama shaidar iyaka har ga 'ya'ya da jikoki. Saboda haka kafin ya yi ƙarfi ya kamata a kira maƙwabcin gona da mai unguwa ko dagaci su ga layin. In an sami saɓani, gyara shi yana da sauƙi tun tsiron bai wuce gwiwa ba. A ja layin ya shigo cikin gonar mai shi da kamar rabin mita, domin shinge yana faɗaɗa, kuma alhakin datse ɓangaren da ke kallon maƙwabci yana kan wanda ya dasa. Wanda ke noma gonar aro ko haya ko jingina kada ya dasa sai da yardar mai ita a gaban shaidu, domin a al'ada dasa itace yana nuna mallaka. Kada kuma a ci burtali ko hanyar mashaya ko turbar jama'a. Rikici da yawa tsakanin manoma da makiyaya daga toshe hanyar dabbobi yake tasowa. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya a filayen karkara, don haka abin da ya gagari masu unguwanni da hakimi can ya kamata a kai shi.

Ga ma'aikata da shugabanni

Tun bayan da Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, Nijeriya kuma ta kafa hukumar da ke kula da shi a 2015 domin jihohi 11 na bakin hamada, maganar dashen itatuwa ta ƙara yawa a bakin jama'a. Makarantu da asibitocin karkara da maƙabartu da sakatariyoyi suna cikin wuraren da aka fi zagayewa da dashe, su ne kuma suka fi saurin lalacewa, saboda abin da ya zama na kowa ba wanda yake ɗaukar bokiti dominsa. Ranar bikin dashe kowa yana nan; a watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai matuƙa, makarantu ma sukan kasance cikin hutu.

Ya kamata shugaban kowane irin wannan wuri ya ɗora aikin a kan mutum ɗaya da aka sani da suna, mai gadi ne ko lebura ko wani malami da ɗalibansa, a kuma tanadi wanda zai riƙe aikin lokacin hutu. Kuɗin ƙaya da na ruwa da ɗan ihsanin mai kula a sa su cikin kasafin tun ranar da aka sa kuɗin sayen tsiro. Jami'an sashen gona na ƙananan hukumomi kuma, in za su kai rahoto, su koma wurin a ƙarshen watan Mayu su ƙirga tsirran da ke da rai da giɓin da aka samu, su rubuta wannan adadi kusa da na waɗanda aka raba a Yuli. Da wannan ƙidaya ce wurin rainon itatuwa zai san yawan tsiron da zai tanada domin cike gurbi kafin ruwa ya zauna.